Jagorar Horas da Malamai Kan Jan Tattaunawa a Aji, Domin Hedimastoci da Masu Bita a Katsina

Yaron aji shida na firamare a Katsina zai iya tsayawa a kasuwa ya ja ciniki da mai tumatir har ya karya masa farashi, ya dawo gida ya ba da labarin yadda suka kwashe tiryan-tiryan. Amma ka ce ya bayyana maka dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, cikin jimla uku masu bin juna, sai ya sunkuyar da kai. Ba daƙiƙi ba ne. Harshen hira daban, harshen kafa hujja daban. Na biyun shi ne mai "saboda haka", "sakamakon", "idan aka kwatanta da", "sai dai kuma", kuma shi takardar jarrabawa ke nema, da Hausa aka rubuta ta ko da Turanci.

Jim Cummins na Jami'ar Toronto a Kanada ya fito da wannan bambanci tun 1979. Bincikensa kan 'ya'yan baƙi ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara 2, amma kafin ya kamo tsaransa a harshen ilimi sai ya yi shekara 5 zuwa 7. Waɗannan fa yara ne da ke jin Turanci a titi da shago da talabijin. Namu kuwa daga bakin malami kaɗai suke jin sa. Idan a ajin ma ba a ba su damar furta komai sai "Kun gane?" su amsa "Eeeh!", to ina za su koya?

Wannan jagora domin hedimasta ce, da jami'in da ke zagayen tallafa wa makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, da duk wanda aka ɗora wa shirya bita. Tsarin na zango ɗaya ne, da malamai 8 zuwa 12 daga makaranta ɗaya ko makarantun da ke maƙwabtaka, ana haɗuwa awa ɗaya da rabi duk bayan mako biyu. Malaman da suka shiga shirin horas da malamai na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Katsina da Jigawa da Zamfara sun san irin wannan zama na gungun makarantu. Bitar kwana uku a babban zaure, mutum 200 na kallon majigi a raba kuɗin mota a watse, ba ta canza yadda malami ke yin tambaya ranar Litinin.

Mataki na farko: malami ya ji kansa

Kada ka fara da lacca. Ka nemi kowane malami ya ajiye wayarsa a kan tebur ya naɗi minti 10 na darasinsa, murya kawai. Hoton bidiyo na jawo maganar iyaye, musamman a ajin 'yan mata, kuma muryar ta isa. A yi alkawari tun farko cewa naɗin ba zai shiga WhatsApp ba, ba kuma zai je ofis ba. Malamin ya saurara shi kaɗai a gida, da takarda a hannu, ya ƙirga abu uku: tambaya nawa ya yi, nawa daga cikinsu ke da amsar kalma ɗaya, kuma amsa mafi tsawo da wani yaro ya bayar kalma nawa ce.

Abin da zai ji sananne ne a duniya. Malami ya yi tambaya, yaro ya amsa, malami ya yanke hukunci da "daidai" ko "zauna", a wuce. Masu binciken harshe Sinclair da Coulthard sun bayyana wannan zubi a Ingila tun 1975. Ka gaya wa malamai haka don kada wani ya ɗauka shi kaɗai ne, amma ka bari su zo da ƙidayarsu. Wanda ya ji da kunnensa cewa a minti 10 babu yaron da ya haɗa kalma biyar, ba sai ka lallashe shi ba.

Mataki na biyu: su ɗanɗana kafin su koyar

A zama na farko, kai za ka ja tattaunawa, su ne ɗalibai. Zaɓi tambayar da manya za su yi saɓani a kanta da gaske, misali: a hana sare itacen girki kwata-kwata a ƙauyukan da ke iyaka da Nijar, ko a bari saboda talaka ba shi da kuɗin gas? Minti 15 ya isa. Daga nan ka tambaye su abin da suka ga kana yi, su lissafo da kansu: ka jira, ba ka ce wa kowa daidai ba, ka sa wani ya maimaita maganar wani.

Wata matsala za ta fito a nan, kuma gara ta fito. Malamar da ta gama NCE bara ba za ta ja da dattijon da ya koyar da yayyenta ba. Da zarar ya yi magana, kowa zai ce "Haka ne, Allah gafarta Malam." Maganinta shi ne a fara magana bibbiyu, ƙanana su riga manya faɗa a fili, shi kuma dattijon ka roƙe shi tun kafin zama ya zama mai taƙaitawa a ƙarshe. Ka girmama shi, ka kuma buɗe bakin sauran. Sannan ka nuna musu cewa nauyin bakin da suka ji yanzu shi yaro ke ji a gabansu kullum.

Mataki na uku: ƙera tambaya

Nan ne aikin yake, kuma ya cancanci zama guda cur. Tattaunawa da yawa na mutuwa ne tun a littafin shirin darasi, domin tambayar da aka shirya ba ta da abin tattaunawa. "Mene ne sunan rijiyar da ke Daura?" Kusugu. An gama. Amma ka ce, "A labarin Bayajida, maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Me wannan ke nuna mana game da matsayin ruwa a rayuwar garin a wancan zamani, kuma wane sashe na labarin ne hujjarka?" Yanzu dole yaro ya koma cikin labarin ya ɗauko shaida, dole ya ce "domin".

Kowane malami ya zo da darasin da zai koyar a mako mai zuwa, ba wanda ka zaɓa masa ba. Ya rubuta tambaya ɗaya tak, abokan aiki su auna ta. Shin za a iya amsa ta da kalma ɗaya? In eh, a sake. Shin yara na da abin da za su dafa, wato abin da suka karanta, suka gani, ko suka taɓa da hannu? In babu, surutu za a yi. Shin akwai amsa fiye da ɗaya da mai hankali zai iya kawowa, ko aƙalla kuskuren da yara da yawa za su faɗa ciki?

Wannan na ƙarshen shi ke ceton malaman lissafi, waɗanda za su ce maka darasinsu ba ya karɓar muhawara. Rubuta 1/3 da 1/4 a allo ka tambayi wanne ya fi girma. Yara da dama za su ce 1/4, tunda 4 ta fi 3. Amsar ɗaya ce, amma hanyar shawo kan abokinka ba ɗaya ba ce: wani zai zana gurasa ya yanka, wani zai ce in mutum huɗu suka raba abu kowa zai samu ƙasa da in uku ne. Wannan jimla ta "in kaza, to kaza" ita muke farauta.

Bayan tambaya, malami ya rubuta a gefe harshen da yake so ya ji: kalma uku na darasin, da siffar jimla guda. A darasin randa, kalmomin su ne ƙofofi, tururi, zafi, jimlar kuma ta dalili da sakamako. Ya kuma rubuta amsoshi uku da yake tsammani, har da na kuskure, da abin da zai ce bayan kowace. Malamin da ya yi wannan ba ya firgita idan yaro ya kauce hanya.

Mataki na huɗu: dabarun baki, ɗaya bayan ɗaya

Dabarar farko ita ce shiru. Mary Budd Rowe, mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai na jiran kamar daƙiƙa 1 ne bayan tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Da sauƙin faɗa, amma malamin da ya saba cika aji da muryarsa zai ji daƙiƙa ukun nan sun yi masa tsawo ƙwarai. Ya ƙirga a zuci, ko ya taka daga allo zuwa taga kafin ya kira suna. Akwai jira na biyu da aka fi mantawa: bayan yaro ya yi shiru, kada a karɓe nan take, sau da yawa rabin maganar na nan tafe.

Ta biyu ita ce "juya ga na kusa da kai", wadda Frank Lyman ya tsara a 1981: kowa ya yi tunani, ya faɗa wa maƙwabcinsa, sannan a ji a fili. Sauran jimloli ne da malami zai haddace har su zame masa jiki: "Ƙara mana bayani." "Me ya sa ka ce haka?" "Wa zai maimaita abin da ta faɗa da nasa kalmomin?" "Ka yarda, ko kana da ja?" "Wato kana nufin kaza?" Kada ka ba da su duka a zama ɗaya. Biyu a mako biyu sun isa.

Ga yadda abin kan kasance idan ya fara kama. A ce aji biyar ne, an ajiye randa da jarka a gaba, an gama magana bibbiyu.

"Hadiza, me kuka ce ke da Bilki?"

"Malama, don randa ta ƙasa ce."

"Ta ƙasa ce. To me ƙasar ke yi wa ruwan?"

Shiru. Malama ba ta cike gurbin ba.

"Tana sanyaya shi."

"Sani, tashi ka taɓa bayan randar. Me ka ji?"

"A jiƙe take, Malama. Kamar tana zufa."

"Musa, maimaita mana abin da Sani ya ce, amma da naka kalmomin."

"Ya ce ruwa na fitowa ta jikinta."

"Haka kake nufi, Sani? To jarka fa?"

"Ita a bushe take."

Sai Umar daga baya: "Malama, ni ina da ja. Ai randa a inuwa ake ajiye ta, jarka kuma a rana ake bari."

"Umar ya kawo wani dalili daban. Ta yaya za mu gane wanne ne gaskiya?"

Ka lura Malama ba ta ce wa kowa daidai ko kuskure ba tukuna, kuma ba ta bar su cikin duhu ba. Zufar da Sani ya ambata ita ce ƙofar bayanin: jikin randa na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta nan, idan ya zama tururi ya tashi sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa randa ta fi aiki a bazara da hunturu, lokacin da iska ke bushe, fiye da tsakiyar damina. Ja-in-jar Umar kuwa ta haifi gwaji: a ajiye su biyun a inuwa ɗaya a gani. A kan wannan ilimi ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Yara na son jin wannan.

Mataki na biyar: gwaji a gaban abokan aiki

Duk wanda ya bi ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma ya san ƙaramin darasin gwaji da ɗalibi ke yi a gaban 'yan ajinsu, tsarin da aka faro a Jami'ar Stanford a 1963. Namu ya bambanta da shi ta wuri biyu: ba maki, kuma ana tsayawa a tsakiya. Malami ya ja tambayarsa minti 7, sauran su zama yara. Ka raba musu rawa a ɓoye: wannan zai ba da amsar kuskure da ƙarfin gwiwa, wannan ba za ta yi magana ba sai an kira ta, wancan zai riƙa ɗaga hannu yana "Ni, Malam! Ni!" Da zarar mai gwajin ya amsa tambayarsa da kansa, ka ce, "Dakata, Malam. Koma baya kaɗan, gwada wata hanya." Ya maimaita nan take. Ka fara yin naka gwajin su tsayar da kai, kunyar sai ta ragu. Za a yi dariya, kuma ba laifi.

Mataki na shida: daga Hausa zuwa harshen littafi

Manufar ilimi ta ƙasa da ta fito a 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, daga baya Turanci ya karɓa. An sha sauya matsaya kan wannan a Abuja, amma abu biyu ba su sauya ba: yaranmu da Hausa suke tunani, kuma WAEC da NECO da Turanci suke tambaya. Malamai sun kasu biyu. Wasu na haramta Hausa, aji ya yi tsit. Wasu na fassara komai, yaro ya fahimta amma bai taɓa furta jimlar Turanci da kansa ba. Ni ban ga alheri a ko ɗaya ba.

Abin da za ka horas da su shi ne hawa uku. Magana bibbiyu da Hausa, a tono tunanin. Faɗa a fili da harshen darasin, da taimakon farkon jimla da aka rubuta a allo, irin su "I think... because..." da "I disagree because...". Sannan rubutu: minti 5 na ƙarshe kowa ya rubuta jimla biyu ko uku da kalmomin nan uku a ciki. Tattaunawar da ba ta sauka a takarda ba, zuwa gobe ta bi iska. Idan yaro ya amsa da karyayyen Turanci, malami ya karɓi ma'anar, ya mayar masa da ita a gyare cikin sigar "wato kana nufin", ya bar shi ya sake faɗa. Gyaran nahawu a tsakiyar jimla na kashe magana. Bayan 'yan makonni a fara goge farkon jimlolin daga allo, in ba haka ba su ma za a mai da su hadda.

Bin nassi da harshe biyu ba baƙon abu ba ne a garin da ke da Gobarau, tsohuwar cibiyar karatun addini. A karatun zaure almajiri na jan baƙi da Larabci, malam na warwarewa da Hausa, daga baya ɗalibai su keɓe su yi muzakara a tsakaninsu. Tunatar da malamai wannan ya fi kawo musu sunayen Turawa tasiri. A darasin Hausa kuma kada a ɗauka an tsira: yaron da ke jin Hausa tun haihuwa ma sai an koya masa ya ce "hujjata ita ce" maimakon "kawai dai".

Mataki na bakwai: aji mai yara 90

Za su ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan sai makarantar kuɗi." Ka amsa da aiki. Ba a buƙatar juya benci: na gaba su waiwayo su fuskanci na baya, masu zama a ƙasa su juya gwiwa. A koya wa yara alamar tsayawa guda, tafi uku ko ɗaga hannu, a yi ta maimaitawa har ta zauna kafin a fara komai. Magana bibbiyu kada ta wuce minti ɗaya ko biyu. Malami ya ratsa layi yana saurare, ya zaɓi wanda zai kira tun a nan, ya raɗa wa mai kunya, "Abin da kika faɗa yana da kyau, zan kira ki." Yarinyar da aka yi wa haka ba ta daskarewa.

A ajin da ke haɗe, in aka bi ɗaga hannu, maza biyar na gaba za su cinye darasin. A riƙa kira daga baya da gefen 'yan mata da gangan, kuma "me kuka ce ke da ƙawarki" ya fi "me kika ce" sauƙin amsawa, domin nauyin kuskure ya rabu biyu. Dokoki uku sun isa a manna a bango: ba a dariyar amsa, da magana ake ja ba da mai magana ba, kuma a ɗaga murya na baya ya ji. Bulala kuwa a ajiye ta. Yaron da ke tsoron duka ba zai yi kasadar faɗin abin da bai tabbatar ba.

Sai maganar manhaja. Ba kowane darasi ne na tattaunawa ba. Minti 10 zuwa 12 a cikin darasi mai minti 35 ko 40, sau biyu a mako, ya isa mafari. Hedimasta kuma ya sanar da masu zagayen duba makarantu tun da wuri, kada wani ya ji hayaniya ta taga ya rubuta cewa malami ya kasa riƙe aji.

Mataki na takwas: bibiya

Tsakanin zama da zama, kai ko abokin aikin malamin ya shiga ajinsa minti 15, ya zauna a baya da takarda, ya rubuta ainihin kalmomin da aka faɗa, ba ra'ayinsa ba. Bayan an tashi, a keɓe, ba a gaban yara ko a ofishin hedimasta ba. Ka fara da tambaya: "Malam, ina ka ji ta fi tafiya?" Sannan ka karanta masa abin da ka rubuta: "Da Aisha ta ce ƙasa na shanye ruwan, ka ce a'a ka kira wani. Me za ka iya ce mata maimakon haka?" Gyara ɗaya tak a kowace ziyara.

Akwai shaidar cewa wannan zubi na aiki. A Ingila an gwada tsarin koyarwa ta tattaunawa na masanin ilimi Robin Alexander a makarantun firamare na tsawon mako 20, da naɗar darasi da malami mai ba da shawara a cikin makaranta. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna 'yan aji biyar sun samu ƙarin ci gaba na kusan wata 2 a Turanci da kimiyya, wata 1 a lissafi. Ajinsu bai kai rabin namu ba, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin waɗannan lambobi. Ka auna naka.

A mako na shida da na ƙarshen zango a sake naɗin minti 10, a yi ƙidayar farko, a ɗora ta huɗu: sau nawa yaro ya amsa wa yaro ba tare da maganar ta bi ta bakin malami ba. A kuma ɗebo littattafan yara shida daga kowane aji, biyu masu ƙoƙari, biyu tsaka-tsaki, biyu na baya, a jera rubutunsu na makon farko da na ƙarshe a kan tebur, malamai su nemo "saboda" da "amma" da "idan" da idonsu. Kafin a tafi hutu, a zaɓi malamai biyu daga kowace makaranta da za su ja zaman zango mai zuwa. Biyu, domin takardar canjin wurin aiki na iya zuwa wa ɗaya a kowane lokaci.